Ki Duba, Ki Gaya Mini da Bakinki

Zuwa ga Afaf, Ummu Hazim, hasken idona, inuwata a tsakiyar rani, ruwan raken da ke sauka a maƙogwaron mai azumi! Ya furen yasmin ɗin barandarmu da ba ta jira a roƙe ta kafin ta yi ƙamshi, ya tantabarar da na saki sau dubu ta dawo kafaɗata sau dubu! Ke ce wadda in kika yi dariya a bakin kogi, Nilu da kansa yake rage gudu a ƙarƙashin gadar Talka don ya ji ƙarshenta. Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da bango ɗaya ne tsakaninsa da masoyiyarsa, amma yana kewarta kamar ta haye teku.

Kada ki yi mamakin ganin takarda da biro a wannan zamani. Na gwada da baki, Allah ne shaidata na gwada. Duk sanda na buɗe shi zan yi tambaya sai ki cusa mini cokalin miya, ki ce, “Sha tukuna, Abu Hazim, maganar tana nan.” To na sha, na sha har na gaji, maganar kuwa tana nan ɗin kamar yadda kika ce. Yanzu haka kina kicin kina buga tukwane kamar mai girkin biki, ni ina falo, shayin da kika kawo mini ya huce.

Afaf, me kike ɓoye mini a cikin wayar nan?

Na juya abin ta kowace fuska, biyu ne babu na uku. Ko dai wani namiji ya shiga tsakaninmu, ko kuma abin da ke cin cikina ba gyambon ciki ba ne kamar yadda kuka haɗa baki kuna faɗa. Kuma wallahi, Allah ya yafe mini, akwai ranakun da nake roƙon ya zama namijin ne. Kin ce ranar Alhamis za mu je asibiti a yi mini ƙarin ruwa, wai na ƙara ƙarfi ne kawai. Kafin Alhamis ɗin nan nake son in san wanne ne a cikin biyun, kuma daga wurinki nake son in ji.

Bari in fara da gilashin, don shi ya fara hana ni sukuni. Kin zo shagona da ƙafarki, shagon da nake sayar da caja da rigunan waya, kika ajiye wayarki a kan kanta kika ce in manna mata gilashin nan mai duhu, wanda in mutum ya leƙo ta gefe baƙi kawai zai gani. Ke da wayarki ke yawo a gidan nan kamar cokali, kowa ya ɗauka ya ajiye! Na ce wa ke leƙenki? Kika ce matan motar haya ne, idonsu ya yi yawa. Haba Afaf! Shekara nawa kina hawa motar haya, sai bana matan Mansura suka yi ido? Na manna, da hannuna na manna, na goge ƙura, na kori kumfar iska tsaf kamar yadda nake yi wa kowa. Sai da kika fita na tuna cewa a duk garin nan mutum ɗaya ne ke zama a gefenki.

Sai kuma mai gyaran famfo. Sau nawa wayarki ta yi ƙara na hango sunan kafin ki kife ta, “Usta Mai Famfo”? Ranar nan da kika tafi kasuwa na bi famfunan gidan nan ɗaya bayan ɗaya, na murɗa, na durƙusa da ciwona na haska ƙarƙashin wurin wanke-wanke da tocila. Ko ɗigo babu. Kuma wane irin mai gyaran famfo ne ake miƙewa tsaye kafin a amsa kiransa, a gyara mayafi, a fita baranda a ja ƙofa? Na kasa kunne, e na kasa, na ji kina cewa, “To, ranka ya daɗe. Yadda ka ce, ranka ya daɗe.” Ni da na aure ki shekara ashirin da ɗoriya ban taɓa samun “yadda ka ce” sau biyu a jere ba!

Na yi kishi, kishi mai tafasa. Na zana mutumin a raina, gashin baki baƙi wuluk, ciki a shafe, turare kamar an yi ɓarinsa. Na shirya abin da zan gaya masa a gaban jama’a, har na zaɓi gidan gahawar da zan tare shi. Kin san wani abu? Na ji daɗin kishin nan, na rungume shi, don mai kishi yana da shekaru a gabansa da zai yi fushi a cikinsu. Sai dai macen da ta yi sabon masoyi haske take ƙarawa, tana waƙa tana shanya. Ke kuwa kin dawo daga barandar idonki jawur, kika ce albasa ce. Albasa a baranda, Ummu Hazim?

Ya sanyin zuciyata, kin tuna ranar da na fara ganinki? Lokacin shagon nan cike yake da kwamfutoci, duk wanda ke son intanet a unguwarmu sai ya biyo ta wurina. Ranar sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, layi ya kai har gaban mai ruwan rake. Kika shigo ke da mahaifiyarki Hajja Zakiyya, Allah ya haskaka kabarinta, da mayafi ruwan lemon tsami, lambarki a rubuce a tafin hannu, zufa ta soma cinye ta. Na buga lambar. Shafin ya fara saukowa kaɗan-kaɗan daga sama, yadda yake yi a wancan zamanin, sunanki ya fito, sunan makaranta ya fito, sai kika rufe ido da hannu biyu kika ce, “Ba zan iya ba. Kai ka duba, ka gaya mini da bakinka.” Hajja tana bayanki tana yi mini magana da gira, wai in sassauta, in ce layi ya yanke. Na dubi allon, na dubi yatsunki a kan fuskarki, na ce, “Kin ci duka ban da lissafi. Lissafi ya kayar da ke, kayarwa kuwa ba ta wasa ba.” Kika sauke hannu, kika harare ni da ido cike da hawaye, kika ce, “Kai dai ba ka da kirki.” Wayyo wannan harara! Har yau ban warke daga ita ba, kuma ba na neman magani. Bayan aurenmu, muna zaune a bakin kogi muna cin gasasshiyar masara, ke da kanki kika ce a ranar kika yanke shawara. Kin ce namijin da bai yi miki ƙarya don ya ga murmushinki ba, da shi za ki zauna.

A wancan zamanin intanet tsakar gida ce, kowa na iya shigowa. Allo ɗaya, kawuna biyar a kansa. Sakamakon jarrabawa, bizar masu tafiya aiki, gwajin asibiti, duk ta shagona suke bi. In labari ya yi daɗi a rangaɗa guɗa har mai ruwan rake ya leƙo, in ya yi ɗaci akwai kafaɗar da mutum zai jingina. Sai aka zo aka yayyanka tsakar gidan nan ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da makullinsa, aka ce sunansa manhaja. Ta banki daban, ta mota daban, ta abinci daban, ta asibiti daban, kowacce ba ta buɗuwa sai da ɗan yatsan mai ita. Na sayar da kwamfutocina ɗaya bayan ɗaya na koma sayar wa ɗakunan nan labule. Ban yi ƙorafi ba, na ce zamani ne. Sai ranar da muka koma karɓar sakamakon ɗan naman da suka tsakura daga cikina. Matar da ke kan kanta ta ce, “Ai mun daina ba da takarda, Hajji, a manhaja yake fitowa. Lambar wa za a sa?” Kafin in haɗiye yawu kin karanto taki tiryan-tiryan, ke da har yau ba ki haddace lambar ɗanki ba. Cikina ne fa, Afaf! Nawa cikin, amma labarinsa a jakarki yake kwana.

Kada ki zaci na zauna na naɗe hannu. Ni ma na sauke manhajar a wayata, sana’ata ce ai. Na sa sunana, na sa lambar katina, ta ce in dakata ta tura lambar sirri zuwa wayar da aka yi rajista da ita. Nan take na ji wayarki ta yi ƙara a ɗaki. Kika fito fuskarki fara fat kamar garin alkama, kika dube ni, na dube ki, kika ce, “Za ka sha shayin yansun?” Na ce zan sha. Haka muka yi, mu biyu manya da ’ya’ya, ɗaya ya kama ɗaya da hannu a cikin tukunya, muka zauna muna hura kofi muna maganar tsadar tumatir.

Da wani mijin ne, da kin ci nasara. Amma kin manta a wurin wa kika koyi aikin.

Lokacin da mugun ciwon nan ya kama Hajja Zakiyya, ciwon da a unguwarmu ba a kiran sunansa sai dai a ce “wancan” a nemi tsari, ni da ke muka tsara komai. Haka ake yi, haka kowa ke yi, ba a gaya wa mara lafiya don kada zuciyarsa ta riga jikinsa faɗuwa. Ni na bugo sakamakon a shago bayan na sallami mutane, ni na ninke shi. Muka ce mata sanyin ƙashi ne. Ni na koya miki yadda ake jiƙa kwalbar magani a ruwan ɗumi har takardar jikinta ta saɓule, a goge sauran danƙon da man zaitun. Shekaranjiya na ɗauki kwalbar maganina, tas take babu ko harafi, na kai ta hanci. Man zaitun, Afaf. Ko man ba ki canza ba!

Ina awarwaronki na zinari, waɗanda ƙararsu ke gaya mini kin iso tun kina matakala? Kin ce suna wurin maƙeri ana wanke su. Maƙerin nan dai, ba shi ne ya karɓi sarƙarki wanki a zamanin jinyar Hajja har yau bai gama ba? Kuma me ya sa duk sanda aka sako tallar neman taimakon asibiti a talabijin, yaran nan masu kai a aske, sai ki yi wuf ki canza tasha, ko da kuwa kokawa ake yi a ɗaya tashar, ke da kika tsani kokawa?

Ɗanmu Hazim ya baro aikinsa a Kuwait a tsakiyar shekara, ba Sallah ba hutu, wai kewar miyar lalo da zomo ce ta dawo da shi. Yaron da ko kiran waya sai na yi masa gori! Yanzu yana bina da kujera, yana ƙwace mini kwalin caja kamar buhun siminti ne, yana sumbatar kaina safe da yamma. Na ce masa, “Kai, motar wa ka fasa?” Ya yi dariya, ya juya yana gyara kayan da ba su karkace ba. Bikin ’yarmu Nirmin kuma, da aka sa sai bayan rani mai zuwa don ba a gama gyaran gidan ango ba, kwatsam an jawo shi wata mai kamawa. Uban angon da ya shafe watanni yana jayayya da ni kan kujeru da firij, mutumin da ko gaisuwa sai ya auna, yanzu komai na ce sai ya ce, “Yadda ka ga dama, Abu Hazim, ai mun zama ɗaya.” Tabɗi! Mu ma haka muka jawo bikin ƙanwarki don Hajja ta gani da idonta, ko kin manta? Da muka je wurin tela awon kwat, ina kallonki ta madubi. Kin matsa kusa da shi kin yi raɗa, ya gyaɗa kai, ya ja allinsa can ciki da inda ƙuguna yake. Ya ce wai yayin bana ke nan, matsattse. Ni na san yayi, kuma na san telan da aka ce ya ɗinka wa mutum jikin da zai kasance da shi wata mai zuwa.

Amma wadda ta ƙarasa tona ku ita ce gwaggona Fathiyya, Allah ya ƙara mata lafiya. Zauren hirarmu na dangi a waya, wanda da ba ya barin mutum ya yi sallah cikin natsuwa, hotunan jarirai, faɗa kan gonar gado, gaisuwar Juma’a da furanni, tun watan jiya ya yi tsit. Dangin da ko a zaman makoki ba sa iya shiru! Na ce a raina, waɗannan ba shiru suka yi ba, ƙaura suka yi, sun buɗe wani zauren babu ni. Gwaggo kuwa ba ta karatu, da hoton da ke kan zaure take gane shi, ku kuma da wayonku kuka sa wa sabon hoton kakanmu, iri ɗaya da na tsohon. Ina shago sai ga saƙon muryarta. Na kanga a kunne: “Afaf ’yata, ki daure ki riƙa cin abinci. Na yi bakance, gurasa da wake zan raba a ƙofar masallacin Sayyid Badawi a Tanta in Allah ya tashi kafaɗun...” Nan ya yanke. Nirmin, mai kula da zauren, ta goge shi, sai ɗan rubutun nan ya rage, wai an share wannan saƙo. Kafin in ajiye wayar kin kira ni kina haki, kina cewa gwaggo ta tsufa, bakancen na auren Nirmin ne. Kafaɗun wa za a tasa a auren Nirmin? Gurasa da wake a Tanta, sau ɗaya na taɓa jin gwaggo ta yi wannan bakancen, don mahaifiyarki ta yi shi, kuma da Hajja ta rasu ni na yi ta rarrashinta.

Yanzu ki zauna in kina tsaye, ya rabin raina, zan gaya miki wata amana da na riƙe shekara da shekaru. Na san mai ita za ta sahale mini yau. Wata la’asar, a watanninta na ƙarshe, kin fita sayo mata lemo, aka bar ni da Hajja mu biyu. Ta yafito ni da hannu ta ce, “Midhat, matso. Kai da ka gaya wa ’yata ta faɗi lissafi ina yi maka gira, yanzu kai ne kake ce mini sanyin ƙashi?” Na daskare a tsaye. Ta ce, “Na sani tun ranar da kuka fara yi mini dariya da yawa. Kada ka gaya mata na sani. Ƙaryar nan ce sandar da take dogarawa, in ka zare za ta faɗi.” Na yi mata alkawari. Daga ranar, ke ki shiga ɗaki da murmushi ki ce, “Mama, yau kin fi jiya,” ita ta ce, “Ƙwarai kuwa, ’yata,” ki fito ki shiga banɗaki ki saki famfo ki yi kuka, ita ta juya wa ƙofa baya ta yi nata. Ina tsakiya ina kallon mata biyu da suka fi kowa son juna, kowacce tana kuka ita kaɗai. Akwai maganar da ta so ta gaya miki, sai ta gaya mini ni surukinta, don in ta gaya miki asiri ya tonu. Ta ce a cikin ’ya’yanta duka ke ce ba ta taɓa yi wa godiya ba, don ke ce ba ki taɓa nema ba, kuma tana so ta riƙe fuskarki ta gode miki. Ba ta samu ta yi ba. Kin sha cewa, “Alhamdu lillahi, Mama ta tafi ba ta sani ba,” ni kuma in ce alhamdu lillahi in sunkuyar da kai.

Ba na son wannan, Afaf! Ba na so! Ba na so in kwanta ina kallon bango da baki cike da maganar da ta ke ce, in rasa wanda zan ba ajiya sai uban ango. Shin don wannan na bi ki, na jure hararar ’yan’uwanki, na koyi cin kifi mai gishiri da nake ƙi don kawai kina so? Don in ƙare ina yi miki wasan kwaikwayo kina yi mini? Ina kewarki, ke, ba mai jinyar nan mai fara’a da aka ajiye mini a gida ba. Ina kewar faɗanki. Wata guda ke nan ba ki ce mini na bar takalmi a hanya ba, na bar su da gangan a tsakiyar falo, kika ɗauke kika jera su. Ranar na ji tsoron da ban ji ba ko a gaban likita.

Dube ki. Zoben aurenmu yana yawo a yatsanki. Ni ne mara lafiya, ke ce kike ramewa. Ki dafa mini romon kaza ki tsaya a kaina sai na shanye, ke kuwa gurasa da shayi a tsaye, rabin gurasar ma ta tantabaru ce. Famfon banɗaki ya dawo da zuba na dogon lokaci, ashe dai gidan nan yana da matsalar famfo. Kina ɗauke da ni, da Hazim da ya bar aikinsa, da Nirmin da ke ɗinkin farar riga tana share ido, da likita, da dangi, da wayar da ba ta daina ƙara. Duk buhun da ya taɓa shigowa gidan nan, ke ki kama kunne ɗaya ni in kama ɗaya. Wannan da ya fi su nauyi kuma, shi kika ce in matsa ki ɗauka ke kaɗai?

Ɗazu bayan la’asar kin kawo mini shayi. Kika ajiye faranti, kika ajiye wayarki a gefen kofin, a buɗe, fuskarta tana haske, manhajar asibiti a kai, na hango sunana a sama. Ke da ko saman bene za ki hau shanya da ita kike hawa! Kika tafi kicin kika soma buga tukwanen da ba a dafa komai a cikinsu ba. Mantuwa ce? Ko gajiya kika yi, kika ce bari gilashi ya faɗi abin da harshenki ya kasa? Ko kuwa tarko ne, ki ga ko mijinki mai leƙe ne? Kin ga abin da kika mayar da ni, ko alherinki sai na juya shi na duba ƙasansa. Na zauna ina kallonta, yatsa ɗaya ne tsakanina da sanin komai, ni da na karanta wa rabin unguwar nan rabonsu a allo. Hannuna ya kai har kanta. Sai na kife ta.

Ban karanta ba, na rantse da wanda ya haɗa mu. Ba zan ce miki babu tsoro ba, akwai. Amma ba tsoron ne ya kife wayar ba. Ba zan karɓi wannan labarin daga gilashin da ni na manna ba, ni kaɗai a falo, ke ke kaɗai a kicin.

Ki fito, ya hasken gidana. Ki kashe wuta, ki bar tukwanen nan su huta, ba su yi miki laifin komai ba. Ki zo ki zauna kusa da ni. Zan rufe idona da hannu biyu. Ke ki duba, ki gaya mini da bakinki. Kada ki sassauta, kada ki ce layi ya yanke. Ki kira shi da sunansa, in ciwon daji ne ki ce daji ne, ki gaya mini inda ya kai, ya kayar da ni ne ko da sauran kokawa. Ni kuma in harare ki in ce ba ki da kirki.

Ga alkawarina. Ba zan faɗi ba, in ma na faɗi a jikinki zan faɗi, kuma yanzu ba ni da nauyi. Ranar Alhamis zan miƙa hannuna a sa allurar ina sane da abin da ke shiga jijiyata. In gashi ya soma zuba Hazim ya aske sauran, dama sanƙo ya riga ya cinye rabi. Zan sa matsattsen kwat ɗin, in riƙo hannun Nirmin in kai ta, in yi rawa da sanda har uban ango ya ji kunya ya zauna. A gaban gwaggo da yara, in kina so, zan ci gaba da zama mai gyambon ciki, na iya wasan, a wurin Hajja na koya. Amma in an rufe ƙofar ɗakinmu matata nake so. In kuka ne a yi shi tare, a bar famfo. Kuma zan riƙe fuskarki da hannu biyu in gode miki, tawa godiyar da ta mahaifiyarki, don ajiyar ta daɗe a wurina.

In kuwa duk hasashena banza ne, in da gaske mai gyaran famfon ne, to ki gaya masa ya zo. Zan yanka rago in raba wa unguwa, in sumbaci gashin bakinsa, kafin in fasa masa kai.

Zan ninke takardar nan in sa a ƙarƙashin wayarki a kan farantin shayi, in buga cokali a kofi yadda nake yi in ina son ƙari. Na ji tukwanen sun yi shiru. Na san kina bayan ƙofa, ga inuwar ƙafafunki nan ina gani.

Naki tun ranar da kika ce ba ni da kirki, naki tsawon duk abin da aka rubuta a cikin wayar nan, kaɗan ne ko mai yawa, naki kuma bayan ya ƙare,

Midhat, Abu Hazim

Na rufe idon, Afaf.